Wa ya gaya wa Gwaggo? Magana kan magungunan da muke haɗiya a Lazaret

 

A shirinmu na ranar Asabar da ta wuce, wani bawan Allah ya kira ya ce mani: "Malama, ke dai tsoratar da mutane kike yi. Magani ai magani ne. Wanda kwanansa ya ƙare, ko ruwa ya sha sai ya tafi." Kafin in ba shi amsa mai kula da na'ura ya ɗaga mani hannu, lokaci ya cika. Na koma gida da maganar a maƙogwaro, kwana uku ta hana ni sakat. To yau ga ni nan, a inda ba mai katse ni. Malam, in kana karantawa, wannan amsarka ce. Kuma amsa ce ga likita, da mai farmasi, da mai tebur, da mu masu riƙe da mikro.

Bari in fara da gidanmu, don kada a ce daga takarda na ɗauko zancen.

Ina da gwaggo, ƙanwar babanmu, nan cikin Lazaret take zaune. Ta haura shekara sittin, sana'arta tuyar masa da safe. Shekarun baya gwiwoyinta suka fara ciwo. Ta tafi likita, aka duba ta, aka rubuta mata ordonans, ta biya farmasi ta saya. Diklofenak ne, na kwana biyar. Ta sha, ciwo ya kwanta, ta yi ta sa wa wanda ya rubuta albarka. Da ƙwayoyin suka ƙare, sai ta adana kwalin cikin kwanonta na kan gado. Duk sanda gwiwa ta motsa, sai ta miƙa wa jika kwalin da dala ashirin ta ce: "Je ka sayo mani irin wannan." Wata rana a farmasi, wata rana wurin mai tebur na bakin hanya. Shekara biyu ana haka, safe da dare, sau da yawa kafin ta sa komai a ciki, don tun asuba take tashi hura wuta.

Cikin watan Afrilu, tsakiyar bazara, aka kira ni ina buro. Gwaggo ta yi aman jini ta faɗi gaban tanda. Da muka kai ta, sai da aka ƙara mata jini. Aka ce cikinta ya yi gyambo har ya fashe jijiya, ƙodarta kuma ta gaji. Likitan ya tambayi me take sha, muka miƙa masa kwalin. Ya dube mu ya ce: "Wa ya ce ta yi shekara biyu a kan wannan?" Gwaggo daga kwance ta amsa, da ƙyar ake jin ta: "Ɗana, wa ya ce in bari?"

Allah ya tashi kafaɗunta, tana nan da rai. Amma ta bar tuyar masa, gishiri ya fita daga abincinta, kowane wata sai an auna jininta. Ranar da aka sallame ta ta riƙe hannuna ta ce: "Ɗiyata, ke da kike magana a radiyo, ki gaya wa mutane." Wannan tambayar tata, wa ya ce in bari, ita ce abin da nake so mu duba yau.

Ku lura da abu guda: maganin da Gwaggo ta fara sha ba na jabu ba ne. Likita ya rubuta, farmasi ta sayar, abin da aka ce yana cikin kwali shi ne a ciki. A ƙasar nan duk sanda aka tada zancen haɗarin magani, jabu muke tunawa, kuma muna da dalili. A 1995, lokacin babbar annobar sanƙarau, an yi wa dubban mutane allurar rigakafi ta jabu a Nijar, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum 2.500 suka mutu sanadiyyar haka. A watan Maris na 2019 OMS ta sake yin gargaɗi kan rigakafin sanƙarau na jabu da aka gano a nan. A 2022 mun ji abin da ya faru a Gambiya, inda siron tari mai guba ya kashe ƙodar yara kusan 70. Janairun 2020 a Lome, Nijar na cikin ƙasashe bakwai da suka yi alkawarin yaƙi da fataucin maganin jabu. Duk wannan gaskiya ne, a ci gaba da yaƙin. Sai dai yawan kiran jabu, jabu, ya sa mun ɗauka cewa idan magani na gaskiya ne to ba shi da illa. Wannan tunanin ne ya kwantar da Gwaggo, kuma shi ke kwantar da wasu yau da nake rubutun nan.

Kada kowa ya ce ina gaba da maganin asibiti. Ƴan Lazaret ba za a gaya mana darajar magani ba. Sunan unguwarmu kansa daga kalmar Faransanci ya fito, wurin da ake keɓe masu cuta mai yaɗuwa. A 2015, da sanƙarau ya sake aukowa Yamai, nan cibiyar Lazaret aka riƙa kawo marasa lafiya dare da rana, ma'aikatan lafiyarmu da likitocin MSF suna aiki har cikin tantuna. Mun ga yaran da aka shigo da su wuya a sandare, suka fita da ƙafarsu bayan ƴan kwanaki na allura. Abin da ke da ƙarfin tada mai sanƙarau, dole yana da ƙarfin yin ɓarna idan aka yi wasa da shi. Wuƙar da ke yanka nama ba ta san yatsan mai ita ba.

Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ke cikin kusan kowane gida.

Na farko, diklofenak da ɗan'uwansa ibuprofen, maganin ciwon jiki, ciwon baya, ciwon haƙori, gajiyar aiki. Yadda suke kashe zafi shi ne su hana jiki yin wani sinadari da ke kawo kumburi da ciwo. Matsalar ita ce wannan sinadarin shi ke kare bangon ciki daga tsamin da ke narkar da abinci, kuma shi ke buɗe wa jini hanya zuwa ƙoda. Ka toshe shi kwana uku, jiki zai jure. Ka toshe shi wata da watanni, ciki ya fara zubar da jini, ƙoda ta fara ƙishi. Yanzu ku ɗora wannan a kan zafin Yamai na Afrilu da Mayu, digiri 44 ko 45, mutum ya yi gumi tun safe, wataƙila yana azumi, ga hawan jini, ga shekaru. Tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta ce mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki kada ya sha diklofenak. A nan, tsoho mai tansiyo yana sayensa ƙwaya-ƙwaya kamar goro. Ku je sashen wankin ƙoda na asibitin Lamorde ku ga masu jiran layi. Ban ce duka magani ya kai su ba, hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba. Amma ƙodar da waɗannan cututtuka suka riga suka raunana, irin wannan ƙwayar ce ke ƙarasa ta.

Na biyu, deksa. Ƴan'uwana mata, yau sai dai ku yi haƙuri da ni. Deksametazon babban magani ne. Ana ba da shi ga mai asma da numfashi ya sarƙe, ga kumburin da ke neman rai. A watan Yuni na 2020 wani babban gwaji a Ingila ya nuna yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mu kuma mun mai da shi maganin ƙiba. Budurwa za ta yi aure, a ce ta rame, a sayo deksa. Mace ta haihu ta gama wanka, a ce sai ta cika zane kafin ta koma ɗakinta, a sayo deksa. Abin da ake gani ana cewa ƙiba, ruwa ne da jiki ya riƙe, da kitse da ya taru a fuska da wuya da ciki, alhali hannuwa da ƙafafu na siriricewa. Daga baya sukari ya hau, tansiyo ta hau, ƙashi ya yi laushi, fata ta tsattsage, ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa don garkuwar jiki ta kwanta. Ga wani tarkon da ba a faɗa: jiki na da wasu ƙananan halittu biyu bisa ƙoda da ke yin irin wannan sinadarin da kansu. Idan aka daɗe ana shan deksa sai su daina aiki. Ranar da mace ta bari farat ɗaya, tana iya faɗuwa, jini ya sauka, har a rasa ta. Shi ya sa wadda ta daɗe a kai, sai likita ya riƙa rage mata kaɗan-kaɗan. Kuma da yawa daga cikin mayukan ƙara hasken fata da ake sayarwa kasuwa, dangin wannan maganin ne ke ciki, yana ratsa fata ya shiga jini.

Na uku, tramol. Wannan ba sai na gabatar da shi ba, duk fada an san shi. Tramadol magani ne na ciwo mai tsanani, bayan aiki ko karaya, dangin opiyom ne. Na asibiti yawanci miligram 50 ne, kuma ƙa'ida kada babban mutum ya wuce 400 a yini. Wanda ke yawo a kasuwa, 200 ne, 225, har 250. Yi lissafi da kanka: biyu na 225 sun zama 450, ka riga ka tsallake iyaka tun kafin azahar. Me ke biyo baya? Farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba. Ɗan kabu-kabu yana bisa gudro da fasinja a baya, jiki ya sandare. Numfashi ya yi ƙasa cikin barci, musamman in an haɗa da diyazefam ko giya. Sannan kamu: ranar da babu, gumi, rawar jiki, ciwon gaɓoɓi, fushi. Abin da ba mu so mu ji shi ne, ba kowa ne ya fara a fada ba. Akwai waɗanda aka rubuta wa bayan hatsari, ba a ce masu na kwana kaza ne ba, ba a ce yana kama mutum ba. Jami'an OCRTIS suna kama katan-katan, muna karantawa a labarai. Amma wanda ya kamu ta hanyar ordonans, wa ke ƙirga shi?

Na huɗu, kotrimoksazol, wanda aka fi sani da Bactrim. Zawo, tari, ƙuraje, kowa Bactrim. Mafi yawan mutane suna sha lafiya. Amma akwai kaɗan da jikinsu ke tayar masa, cikin kwanaki ko makonnin farko. Zazzaɓi, idanu su yi ja, baki ya fashe, ƙuraje su fito, daga nan fata ta fara saluɓewa kamar wanda ruwan zafi ya zubo wa. Likitoci na kiran mafi muninsa ciwon Lyell, kuma ko a manyan asibitocin duniya yana kashe kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu da ya kama. Wasu magungunan farfaɗiya irin su karbamazefin da fenobarbital su ma suna iya kawo shi. A gidajenmu me ake cewa? Ƙyanda ce. Ko jifa ne. A ci gaba da ba yaro maganin da ke ƙona shi, a ƙara da hayaƙi da rubutu. Jimla guda za ta hana wannan: "In kin ga ƙuraje ko baki ya fashe, tsayar da shi, ki dawo yanzu-yanzu." Sakan nawa take ɗauka?

Na biyar, parasetamol, ɗan lelen kowa. Shi ne mafi sauƙi cikinsu idan an bi ƙa'ida, ina shan shi, ina ba ƴaƴana. Iyakar babban mutum gram 4 a yini, ƙwaya takwas na 500 ke nan, kuma an fi so kada a wuce shida in ba likita ya ce ba. Abin da ke yaudarar mutane, yana ɓoye cikin wasu magungunan: na mura, na ciwon jiki masu haɗi biyu ko uku. Mutum ya sha wannan, ya sha wancan, ya ƙara da parasetamol zalla, bai san abu ɗaya yake ninkawa ba. Hanta ke biya. Ranar farko ba ka jin komai sosai, sai bayan kwana biyu ko uku idanu su yi rawaya. A ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa irin tamu, mutane da dama na yawo da hanta mai rauni ba su sani ba.

Sai masu juna biyu. Ibuprofen da diklofenak haramun ne gare su daga wata na shida, suna taɓa zuciya da ƙodar ɗan da ke ciki. Kaptopril da danginsa na hawan jini su ma suna cutar da shi. Kafso ja da rawaya, tetrasiklin, yana ɓata haƙoran jariri da na yaron da bai kai shekara takwas ba. Depakine na farfaɗiya, kusan jariri ɗaya cikin goma da uwarsa ta sha lokacin ciki yana zuwa da naƙasa. Mata nawa aka tambaya "kina da ciki?" kafin a miƙa masu leda?

To laifin wa?

Na fara da mai rubuta ordonans. Na san halin da kuke ciki. Na shiga CSI na ga majo ɗaya da layin mutum hamsin, ga zafi, ga kuran ya ɗauke. Ban raina wahalarku ba. Amma ku ma ku yarda, akwai ɗabi'ar da ba yawan aiki ya kawo ta ba. Mara lafiya ya shigo, ba a ɗaga kai an dube shi ba, a ja takarda a yi rubutun da ko mai digiri ba ya karantawa, a ce "na gaba". In ya yi ƙarfin hali ya tambaya, a ce masa: "Kai ne likita ko ni?" Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya sake tambaya har abada. Rubuta magani rabin aiki ne. Faɗin kwana nawa, da abin da za a kula da shi, da ranar bari, shi ne sauran rabin.

Sai farmasi. A jikin kwalin da yawa daga cikin waɗannan magunguna akwai jan layi ko koren layi, da rubutu cewa sai da ordonans. Wa ke dubawa? Yaro ɗan shekara tara ya zo da yagaggen kwali, a karɓi kuɗi a ba shi. Mai farmasin da ya yi shekaru a jami'a yana karatun wannan aiki, sau nawa kuka gan shi gaban kanta? Sau da yawa masu sayarwa kawai ke nan, shi yana can ciki ko ma ba ya nan. In farmasi za ta sayar kamar yadda mai tebur ke sayarwa, bambancinsu sanyin klim ne kawai.

Mai tebur kuwa, da mai yawo da tire bisa kai, abin da ake kira farmasi par ter, ban tsane shi ba. Neman abinci yake, ɗan wani ne, maƙwabcin wani ne. Amma mutumin da ke gane magani da launinsa da hoton da ke kan kwali, ya haɗa maka ja ɗaya, fari biyu, kore ɗaya cikin leda ya ce na gajiya ne, bayan ƙwayoyin sun yini cikin rana, wannan caca yake da ranka, kuma shi kansa bai san yana yi ba.

Sai hukuma. Cikin kowane kwali akwai notis, siririyar takarda mai ƙananan baƙaƙe, da Faransanci, wani lokaci da Ingilishi in ta Najeriya ko Indiya maganin ya biyo. Ni da na yi kolej da lise da Faransanci, wallahi sai na nemi ƙamus kafin in gane rabinta. Fiye da rabin manyan ƙasar nan ba su yi karatun boko ba. Wa aka rubuta wa wannan takarda? Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. To a fara da inda rai yake. Gargaɗi layi uku da Hausa da Zabarmanci a kan kwalin diklofenak, da hoto ga wanda ba ya karatu, ya fi mana amfani da dogon jawabi. Kuma ma'aikatar lafiya na da tsarin karɓar rahoton illar magani, abin da ake kira farmakovijilans. OMS ta kafa irin wannan tsari na duniya tun 1968, bayan maganin talidomid ya sa an haifi jarirai fiye da 10.000 da naƙasassun hannuwa da ƙafafu. Ku tambayi mutum goma a Lazaret ina ake kai ƙara idan magani ya cutar da su. Abin da ya sami Gwaggo ba a rubuta shi ko'ina ba, in ban da cikin zukatanmu.

Kuma mu ƴan radiyo, kada mu wanke hannunmu. Sau nawa muka karɓi kuɗin talla muka saki murya tana cewa wannan magani na warkar da cuta arba'in, ba shi da wata illa? Ni kaina na taɓa karanta irin wannan sanarwa farkon shigata aiki, ina jin kunyarta har yau. Duk wanda ya ce maka maganinsa ba shi da illa ko kaɗan, ko dai ba ya aiki, ko kuma bai san abin da ya zuba ciki ba. An sha gano deksa da diklofenak a ɓoye cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan na gargajiya a ƙasashe da dama.

Na ƙarshe, mu da kanmu. Mu ne ke ba maƙwabciya ragowar maganinmu don "nima haka na ji". Mu ne ke ganin likitan da bai rubuta abu biyar da allura ba bai iya aiki ba. Mu ne ke gaya wa ɗiyarmu ta rame.

Na san abin da za a ce mani. Za a ce talauci ne. Ganin likita kuɗi, awo kuɗi, taksi kuɗi, mai tebur kuwa dala goma ya sallame ka. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya yi maganar nan bai sa talauci a lissafi ba, bai san Yamai ba. Amma mu da muka biya kuɗin ƙarin jini da awo da kwanakin gado, mun san wanne ya fi tsada. Kuma abin da nake nema a nan ba ya cin ko tamma. Magana ce. Mai jikka goma da mai dala goma, dukansu suna da haƙƙin a ce masu "kwana biyar, kada ka wuce".

Za a ce kuma wannan matsalar jahilci ce, ta ƙasashen matalauta. A'a. A Faransa an sayar da wani magani mai suna Mediator daga 1976 har 2009. Na masu sukari ne, amma aka riƙa rubuta shi ga masu son ramewa, yana lalata ƙofofin zuciya. Wata likita a garin Brest, Irène Frachon, ita ta tsaya kai da fata har aka janye shi, kuma a watan Maris na 2021 kotu ta sami kamfanin Servier da laifi. Su suna shan magani don su rame, mu muna sha don mu yi ƙiba, jiki ɗaya ne ke biya. Bambancin shi ne can wani ya ƙirga, wani ya yi ihu, aka canza doka. Tun Janairun 2020, a farmasin Faransa ba ka ɗaukar parasetamol ko ibuprofen da hannunka, sai ka tambayi mai farmasi. A watan Afrilu na shekarar suka rage tsawon ordonans ɗin tramadol daga wata 12 zuwa wata 3. Ƙasar da kusan kowa ke karanta notis ke nan ta ga ya kamata ta ƙara tsaro. Mu fa?

Malam da ya kira, ka ce wanda kwanansa ya ƙare sai ya tafi. Na yarda, ba musulmin da zai musa. Amma kai ma in za ka tsallaka gudro sai ka duba dama da hagu, ba ka rufe ido ka ce kwana. Addininmu ya ce a nemi magani, bai ce a haɗiye shi a makance ba.

Ga abin da nake roƙon kowa, daga yau. Kada ka tashi daga gaban likita ko kantar farmasi sai ka sami amsar tambaya huɗu: mene ne sunansa, kwana nawa zan sha, me zan gani in dawo da gudu, kuma ya dace da wanda nake sha tun da? Faɗi da bakinka ko ba a tambaye ka ba: ina da ciki, ina shayarwa, ina da tansiyo, ina da sukari, ina da gyambon ciki, wani magani ya taɓa fito mani da ƙuraje. In tsoho ne ko tsohuwa, a raka su, a kwashi duk abin da suke sha cikin leda a tafi da shi. Mai shan maganin sukari, ka ga likita kafin azumi ya kama, don wasu irin su glibenklamid suna iya saukar da sukari har mutum ya suma.

Alamun da ba a kwana da su a gida: bayan gida baƙi kamar kwalta, aman jini, fitsari ya ragu ƙafafu sun kumbura, ƙuraje da zazzaɓi da fashewar baki, leɓe ko harshe ya kumbura numfashi na wahala, idanu sun yi rawaya, barcin da ba a iya tada mutum. Ɗauki kwalin, a tafi asibiti.

Kuma don Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya zubar da maganinsa. Mai hawan jini, mai farfaɗiya, mai tarin fuka, mai shan maganin sida, mai ciki da ake ba ƙwayoyin kariya daga zazzaɓin cizon sauro wurin awo, da yaran da ake bi gida-gida ana ba su lokacin damina: bari ba da shawarar likita ba ya fi sha haɗari nesa ba kusa ba. In kana da shakka, ka je ka tambaya, kana ci gaba da sha.

Asabar mai zuwa zan buɗe layi tun farkon shiri. Ina gayyatar likita ɗaya da mai farmasi ɗaya su zo su zauna su amsa da Hausa da Zabarmanci, ba da Faransancin asibiti ba. Wanda magani ya taɓa cutar da shi ko wani nasa, ya kira, ba sai ya faɗi suna ba. Kafin nan, yau da dare, ku shiga ɗakin tsofaffinku ku buɗe kwanon nan na kan gado. Ku ga abin da ke ciki, ku tambaye su tun yaushe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Sai mun haɗu.